Idan Tela Ya Kwanta, Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: kuɗin asibiti, da yadda wanda ba ya ɗaukar albashi zai yi da shi. Na zaɓo biyar daga ciki. Ga sababbin masu bibiyar filin nan, shekara 31 na yi ina aikin jinya, tara na ƙarshe a teburin masu katin inshora na wani asibiti a Kano. Abin da zan faɗa muku a bakin wannan tagar na koye shi.

Tambaya: Anti Nas, barka da aiki. Ni tela ne, shekarata 44, ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai. Daminar da ta wuce yara uku suka kwanta da zazzaɓi cikin mako guda, ɗaya har sai da aka yi masa ƙarin jini. Kuɗin ɗinkin sallah da na tara duk can suka tafi, har na ci bashin yadi. Maƙwabcina ma'aikacin gwamnati ne, shi kati kawai yake nunawa. Mu da ba mu da ofis, akwai irin wannan katin namu, ko sai ɗan albashi? *Daga wani tela a Fagge, Kano.*

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa yara lafiya, ya mayar maka da abin da ka kashe. Akwai katin, kuma kai ma kana da haƙƙi a cikinsa. Ban ga laifinka da ka ɗauka na 'yan albashi ne ba, domin haka aka faro shi. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005 zamanin Obasanjo, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara ɗauka, tunda su a albashi ake yankar nasu. Shekaru da dama tela da kafinta da mai ƙosai suna kallo daga waje. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sani da NHIS ta koma NHIA, kuma dokar ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane ɗan ƙasa. A takarda ke nan. A zahiri har yau fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa a harkar lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa, kamar yadda ta fito daga naka.

Ƙofar da nake so ka fara ƙwanƙwasawa ita ce ta jiha. A Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda aka yi dokarta a 2016. Kaduna na da KADCHMA, Jigawa JICHMA, Sakkwato SOCHEMA, Gombe kuma GoHealth, haka sauran jihohi kowace da tata. Kowace tana da sashen 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kuma a abin da na gani su ne mafi sauƙin kuɗi. Wasu jihohin arewa sun faro ne da abin da bai wuce kusan naira 1,000 a wata a kan mutum ɗaya ba. Farashin yana motsi kamar na komai tun da aka cire tallafin mai a 2023, saboda haka ka taka da ƙafarka ka je ofishinsu ka ji na yau. Ka tafi da lambar NIN ta kowa a gidan. Kuɗi kuma a asusun hukumar za ka zuba, ka karɓi rasit. Kada ka damƙa wa wani mai yawo da jaka cikin kasuwa wai shi wakili ne, sai dai in ofishin da kansu suka nuna maka shi.

Ƙofa ta biyu ta tarayya ce, shirin da ake kira GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a watan Nuwamban 2020 musamman don waɗanda ba sa cikin tsarin albashi. Da aka fara, naira 15,000 ne a shekara a kan kowane mutum idan kun kai goma kuka shiga a ƙungiyance. Mutum ɗaya da ya zo shi kaɗai kuwa 45,000 yake biya, amma yana iya sa mutum biyu a ƙarƙashinsa. Tun daga lokacin kuɗin ya tashi sosai, ya fi na jiha tsada. Abin da ke cikinsa shi ne asibitocin da za ka zaɓa sun fi yawa, har da na kuɗi da na koyarwa, kuma ba a iyakar jiharka kaɗai yake da amfani ba. A wannan tsarin ganin likita da gwaje-gwajen yau da kullum da kwanciya na wasu kwanaki duk suna ciki, magani kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa kake biya. Maganin dubu takwas, ka ba da ɗari takwas.

Akwai kuma kamfanonin kuɗi da ake kira HMO, irin su Hygeia da Avon da Reliance, masu sayar da nasu katin kai tsaye. Asibitocinsu sun fi tsafta da saurin ganin likita, amma kuɗin mutum ɗaya a can kan iya ɗaukar nauyin mutane da yawa a tsarin jiha. Ga gida mai mutum goma da keken ɗinki ɗaya, ba zan tura ka can ba.

Yanzu mu yi lissafin gidanka. Kai da mata biyu da yara bakwai, kawuna goma ke nan. Mu ƙaddara naira 1,000 ce a wata kan kowa: 10,000 a wata, 120,000 a shekara. Na san jin 120,000 a dunƙule yana sa gaba ya faɗi. To ka ɗauko takarda ka rubuta abin da makon nan guda na damina ya ci maka, da ledar jini, da gado, da allurai, da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, sannan ka ƙara abin da ke tafiya kemis kowane wata ba tare da an ƙirga ba. Ka ajiye lissafin biyu kusa da juna. Ka kuma tambaya ko suna da farashin iyali, domin wasu jihohin suna yin rangwame idan gida guda ne. Shi ma maƙwabcin naka, in na tarayya ne, katinsa mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ya ɗauka, sauran sai ya biya musu daban.

Idan ba za ka iya ɗaukar goman a tashi ɗaya ba, wa za ka fara sawa? A nan ne nake saɓawa da yawancin magidantan da suka zauna a gabana. Kowa sai ya ce a rubuta yara da iyayensu mata, shi namiji ne, zai daure. Malam, ka fara da kanka. Ɗan albashi in ya kwanta wata guda, albashinsa na shigowa. Kai in ka kwanta, keke ya tsaya, kwastoma ya kwashe yadinsa ya kai wa na gaba, ga kuɗin asibiti ga na cefane duk a kan wanda ke kwance.

Yayana kafinta ne, Allah ya ji ƙansa. Ya yi shekara uku yana fama da gwaiwa, kullum sai ya ce bari ya gama wannan aikin gado da kujerun amaryar tukuna. Ni ina aikin jinya, na san abin da ke iya biyo baya, na yi masa magana har na gaji. Abin da ke hana shi kuɗin tiyata ne, ga kunyar ya tambayi ƙanwarsa. Wani dare hanjin ya shaƙe, aka kwashe shi ranga-ranga. An yi aikin, ya tashi, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Amma injin yankan katakonsa da janareta aka sayar aka biya, kuma har ya koma ga Allah bai sake mallakar nasa shagon ba, aikin yini yake yi a shagon yaron da shi ya koya wa sana'a. Tiyatar gwaiwa tana cikin abin da waɗannan katunan ke ɗauka. Duk ranar da na buga wa wani hatimi a takardar irin wannan aikin sai na tuna shi.

Bayan kai, sai matar da ke da ciki ko take shirin samu, sai duk wanda ke shan maganin hawan jini ko na suga, domin mai sayen magani kowane wata shi ya fi kowa cin ribar kati. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, kafin ka biya musu ka leƙa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, kuma daga cikinsa ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi, da masu ciki, da ƙananan yara, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman rajista kyauta. Guraben ba su da yawa, ba kowa ke samu ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Abu biyu suka rage. Katin ba ya aiki ranar da aka saye shi. Akwai lokacin jira, makonni ko 'yan watanni, kafin sunanka ya isa asibitin da ka zaɓa. An yi haka ne don kada kowa ya zauna sai ciwo ya kama shi sannan ya rugo, asusun ya ƙone. Na sha ganin uba ya zo da yaro a kafaɗa yana cewa a yi masa rajista yanzu-yanzu, ni kuwa ba ni da yadda zan yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana son katin ya yi maka aiki da damina, lokacin sauro, to kuɗin ɗinkin ƙaramar sallah ko na wani biki da ya faɗo kafin ruwa ya sauka shi za ka ware.

Na biyun, kada ka tafi kai kaɗai. Kuna da ƙungiyar teloli, kuna da shugaba da ma'aji, na tabbata kuna zubin adashi ko kuɗin biki da suna. Ku kai maganar taro. In mutum talatin suka riƙa zuba wani abu kaɗan kowace Juma'a, ma'aji ya biya wa kowa a dunƙule, ba wanda zai ji nauyin, ba kuma wanda katinsa zai mutu don mantuwa. Sannan ranar da asibiti ya wulaƙanta ɗayanku, wasiƙar ƙungiya mai mutum talatin da iyalansu ta fi muryar mutum ɗaya nauyi a kunnen kowane shugaban asibiti. Wannan na gan shi da idona.

Tambaya: Hajiya, ina da shagon kayan masarufi. Ina son shiga tsarin nan amma na ji wani malami ya ce inshora caca ce. Kuma in na biya shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, kuɗina sun tafi a banza ke nan? *Daga wani mai shago a Tudun Wadan Zariya.*

Amsa: Alhaji, na ji daɗi da ka tsaya tambaya kafin ka sa kuɗinka. Ni ba malama ba ce, fatawa ba tawa ba ce, amma zan faɗa maka abin da manyan malamai suka tsayar, ka kai wa malamin da ka amince da shi.

Malamin da ka ji yana da madogara. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar maka da alƙawari don ya ci riba da abin da ya rage, akwai rashin tabbas mai yawa a cikin cinikinta, don haka ba ta halatta. Amma a wannan zaman dai ta ce madadinta shi ne tsarin taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar bayarwa, wanda lalura ta samu a ɗebo a taimake shi. Wannan ta halatta shi. Sudan ce ta fara kafa kamfani a kan wannan tsarin tun 1979, shi ne abin da ake kira takaful a yau. A Najeriya hukumar kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki da su.

Hujjar da malamai suka fi kawowa ita ce hadisin Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa. Idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah (SAW) ya yabe su ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Wani ya zuba mudu, wani ya zuba tafin hannu, kowa ya ci.

Ka lura da sunan da jihohinmu suka sa wa hukumominsu. Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa duk taimakekeniya suka kira abin, suka kauce wa kalmar inshora, domin an san damuwar mutane irinka, kuma an gina tsarin a kan karo-karo, hukumar gwamnati ce ke riƙe da asusun. In zuciyarka ba ta kwanta da na kamfanin kuɗi ba, ga na jiha nan. Ka karɓo takardar bayaninsu ka kai wa malaminka ya karanta da kansa, ya yi hukunci a kan abin da ke rubuce.

Batun shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, Alhaji, wannan ai ita ce shekarar da ake roƙo. Kuɗin ba za su dawo aljihunka ba, gaskiya ne, domin ba adashi ba ne da kowa ke jiran ranar kwasarsa. Sun tafi ne ga ledar jinin ɗan wani, ko tiyatar haihuwar matar wani da ba za ka taɓa sani ba. Ka ƙulla niyyar sadaka tun ranar da kake zubawa.

Tambaya: Anti, ni mai kitso ce, kuma na riga na yi katin, shekara biyu ke nan. Amma duk zuwan da na yi sai a ce babu magani, in je waje in saya. Ranar da aka ce a yi mini hoton ciki, tun safe har la'asar muna jiran wata lamba daga kamfani. Masu biyan kuɗi a hannu suna wucewa muna kallo. Ina ganin ba zan sabunta ba. *Daga wata mai kitso a Kaduna.*

Amsa: Ƙanwata, ba ƙarya kika yi ba, kuma ba zan kare abin da ba shi da kyau ba. Ni na zauna a ɗaya gefen tagar, na faɗi wannan kalmar ta "babu" da bakina sau da yawa, raina yana ɓaci. Bari in nuna miki inda gizo ke saƙar, domin in kin gane za ki san inda za ki matsa.

Asibitin da kika zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi ne duk wata a kan kowane mai kati da ke rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Daga ciki zai ga marasa lafiya, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magani. A tsarin tarayya wannan kuɗin ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma, alhali magani yana ta hawa, musamman bayan faɗuwar naira da ficewar kamfanin magunguna na GSK daga Najeriya a 2023. Sai a 2025 ya kai naira 1,450. Asibitin da ke da mutum dubu biyar a rajista yana iya juyawa da wannan. Wanda ke da mutum ɗari biyu kuwa, majiyyaci goma sun cinye kuɗin watan, na sha ɗaya sai ya ji "babu". Ƙari a kan haka wasu kamfanonin HMO, waɗanda ta hannunsu kuɗin tsarin tarayya ke bi zuwa asibiti, kan riƙe kuɗin asibiti watanni. Wannan dalili ne, amma bai wanke kowa ba, domin ke kin biya naki.

Saboda haka kada ki jefar da katin, asibitin za ki canja. Kina da damar neman canji ta ofishin da ya yi miki rajista. Wannan karon kada ki zaɓa daga jerin sunaye a takarda. Ki je asibitin da safe, ki zauna a bencin masu kati, ki tambayi matan da ke layi ko ana ba su magani a nan, da kuma awa nawa suke yi. Gani ya kori ji. Ki fifita wanda ke kusa da gida kuma yake da masu kati da yawa.

In an ce babu, ki tambaya: maganin ne babu gaba ɗaya, ko wannan samfurin ne babu? Tsarin yana biyan magani ne da sunansa na asali, ba da sunan kamfani ba, kuma sau da yawa akwai irinsa na wani kamfanin mai rajistar NAFDAC da ke aiki iri ɗaya. In da gaske babu, ki sa a rubuta a jikin takardar cewa babu, ki ajiye ta tare da rasit ɗin kemis, ki kai ƙara ofishin hukumar a rubuce. Mutanenmu suna yin ƙorafi a bakin famfo da gidan biki, ba sa kai shi inda ake ajiye fayil.

Lambar da kuka jira kuwa izini ne da ake nema kafin a yi abin da ya wuce matakin farko, kamar hoto ko tiyata ko ganin babban likita. A 2025 NHIA ta ba da umarnin kada ba da wannan izinin ya wuce awa ɗaya, kuma mai lalurar gaggawa a fara duba shi kafin a nemi lamba. Lambar wayar kamfanin tana jikin katinki ko takardar rajistarki. In awa ta wuce, ki kira su da kanki, ki faɗi sunanki da lambar katin, ki tuna musu da umarnin.

Sai dai ki sani akwai abin da kati ba ya ɗauka ko da asibitin na kirki ne. Fita ƙasar waje neman magani, dashen ƙoda, dashen ciki ga masu neman haihuwa, gyaran jiki na ado, duk ba sa ciki. Wankin ƙoda da maganin daji da manyan hotuna kuma wani ɓangare kawai ake ɗauka. Shi ya sa nake gaya wa kowa ya riƙe ɗan asusun lafiya a gefe, ko da na kuɗin kai ɗaya ne a mako daga kitsonki.

Tambaya: Mama, ina da cikin wata biyar, na huɗu ke nan. Ina suyar awara, maigidana yana tuƙa adaidaita na wani, kullum sai ya kai balas. Haihuwata ta baya aiki aka yi mini, muka sha wuyar biya. In na yi kati yanzu zai kama haihuwar? *Daga wata mai awara a Katsina.*

Amsa: 'Yata, Allah ya sauke ki lafiya. Kada ki ƙara kwana biyu a kan wannan. Manta da katin kamfanonin kuɗi, yawancinsu sai an yi watanni da dama, wasu har shekara, kafin su ɗauki haihuwa, don haka ba zai riske ki ba. Gobe ki ɗauki NIN ɗinki da katin awo ki je asibitin mazaɓarku, ki tambayi mai kula da wurin ko akwai gurbin rajistar kyauta ta masu ciki. In babu, ku wuce ofishin hukumar taimakekeniya ta jiha, ki faɗa musu watannin cikin, ki tambaye su ƙarara ranar da katin zai fara aiki, su rubuta miki. Wata huɗu da suka rage miki na iya isa.

Sannan a watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, a asibitocin da aka tantance. Ba kowane asibiti ke ciki ba, don haka ki tambayi ungozomar da ke miki awo wanne ne mafi kusa da ku, tun yanzu.

Tunda an taɓa yi miki aiki, wannan haihuwar a babban asibiti za ki yi ta, inda akwai ɗakin tiyata da jini. Ko da naƙuda ta zo da sauƙi, kada ki zauna a gida, domin tsohon ɗinki na iya buɗewa. Ki sa maigidan ya nemo mutum biyu cikin dangi ko abokan tasharsu da za su ba da jini in an buƙata, a gwada su tun da wuri. Shi kuma ya riƙa cire ko ɗari biyar ce kullum bayan balas yana ba ki ki ajiye, don safar hannu da auduga da abincin mai jinya, waɗanda ko a inda aka ce kyauta ne sukan faɗo a kan mutum. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko yaro ya daina motsi, ku tafi a lokacin, ko da kati ko babu.

Tambaya: Hajiya, ina fataucin albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, wani lokaci har Kumasi. Rabin wata ina kan hanya. Katin jiha zai yi mini aiki a can? *Daga wani ɗan kasuwa a Kebbi.*

Amsa: Alhaji, katin jiha galibi a asibitocin da ke cikin jihar yake aiki, don haka ka yi wa iyali na jiha tunda su suna gida. Kai kuma na tarayya ya fi dacewa da kai, domin idan lalurar gaggawa ta same ka a wata jihar, asibitin da ke cikin tsarin NHIA zai iya karɓarka ya nemi izini daga kamfaninka. Lokacin rajista, in an ba ka zaɓi, ka ɗauki kamfanin HMO da ke da ofis a Legas da kuma arewa, ka sa su nuna maka sunayen asibitocinsu da ke kusa da Mile 12 da kuma manyan garuruwan da motarku ke ratsawa.

Da ka tsallaka iyaka kuwa katin Najeriya ya tsaya. Gana na da nata tsarin tun 2003, na mazauna ƙasar ne, 'yan'uwanmu na zango da shi suke zuwa asibiti. Kai da ke shiga ka fito, ka ware kuɗin lalura daban da kuɗin kaya, kada ka haɗa su a aljihu ɗaya.

Ka ɗauki hoton katin a wayarka, ka kuma rubuta lambarsa da lambar wayar kamfanin a takarda ka ba direba da yaron mota, ka gaya musu ko ta mece ce. In hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, su ne za su yi magana a bakin tagar asibiti lokacin da kai ba ka iyawa.